Fim ɗin The Odyssey na Christopher Nolan: me ya sa ake ta gardama a kansa tun bai fito ba?

A ranar 17 ga Yulin 2025 aka fara sayar da tikitin wani fim da ba za a haska shi ba sai 17 ga Yulin 2026, wato shekara guda cif kafin lokacinsa, kuma cikin ƙanƙanin lokaci kujerun wasu manyan sinimomi masu ƙaton allo da ake kira IMAX a Amurka da Landan suka ƙare ƙaf. A lokacin ma ba a gama ɗaukar fim ɗin ba. Fim ɗin shi ne The Odyssey, na darakta Christopher Nolan, kamfanin Universal ne ke da shi, kuma tun da aka sanar da shi a Disambar 2024 ake ta ce-ce-ku-ce a intanet, wasu na cewa zai zama fim mafi girma a wannan zamanin, wasu na cewa an riga an ɓata labarin tun daga hular da aka sa wa jarumin. Wanda bai san tushen abin ba idan ya shiga cikin wannan muhawara zai rasa ma a kan me ake faɗa, saboda a gaskiya gardamomi ne daban-daban aka cakuɗa su wuri ɗaya.

Ainihin labarin, da wanda ake ce ma Homer

Odisi waƙa ce, doguwar waƙar labari ta Girkawan da, baituka kusan dubu 12 da aka kasa kashi 24. Ana danganta ta ga wani mawaƙi mai suna Homer, shi ne kuma ake ba ɗaya waƙar, Iliyad, wadda ke ba da labarin wani ɗan yanki na yaƙin Troy. Yawancin masana na sa lokacin da aka tsara su a ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi kansa Homer ɗin har gobe ana jayayya ko mutum ɗaya ne ko kuwa suna ne da aka ɗora ma aikin mawaƙa da yawa. Abin da aka fi yarda da shi dai shi ne waƙar baka ce tun asali, rera ta ake yi a gaban jama'a kafin a zo a rubuta ta. Wani Ba'amurke Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord ne suka ƙarfafa wannan fahimta a shekarun 1930, da suka je tsohuwar Yugoslabiya suka naɗi mawaƙan gargajiya da ba su karatu amma suna iya rera labari na dubban baituka da ka. Shi ya sa a cikin Odisi za ka ga kowane gwarzo yana da laƙabinsa da ake ta maimaitawa duk sanda aka ambace shi, kamar dai kirarin da makaɗan fada ke yi wa sarki, mawaƙin yana jingina da shi kafin ya ɗauko baiti na gaba.

Labarin kuwa na Odisiyus ne, sarkin wani ƙaramin tsibiri Itaka, wanda ya yi shekara 10 a yaƙin Troy sannan ya ƙara wasu 10 a hanyar komawa gida. Ya taso da jirage 12 cike da mutanensa, ya isa gida shi kaɗai tilo. A gida kuma matarsa Penelofi tana fama da zawarawa 108 da suka tare a fadar suna yanka dabbobinsa suna shan giyarsa suna cewa ai mijinki ya mutu sai ki zaɓi ɗaya a cikinmu, ita kuma ta ce su bari ta gama saƙa likkafanin surukinta tukuna, sai ta riƙa saƙawa da rana tana warwarewa da dare, haka ta ja su har shekara uku kafin wata baiwa ta tona mata asiri. Ɗansu Telemakus da aka bari yana jariri ya zama saurayi bai san ubansa ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne mabuɗin fahimtar matsalar da duk mai son mayar da wannan waƙa fim zai fuskanta. Duk abubuwan da suka yi suna, ƙaton nan mai ido ɗaya da ke cin mutane, da bokanya Sirsi da ta mayar da mutanensa aladu, da 'yan matan teku masu waƙar da ke jan matuƙa zuwa halaka, da ziyarar lahira, duk suna cikin kashi huɗu ne kacal, daga na 9 zuwa na 12. Kuma ba a nuna su suna faruwa ba, shi Odisiyus ne yake ba da labarinsu da bakinsa a wajen wata walima, alhali waƙar ta sha nuna mana cewa mutumin gwanin shara ƙarya ne idan ta kama. Kashi huɗun farko ma ba ya ciki, ɗansa ake bi yana yawon neman labarin uba. Rabin waƙar gaba ɗaya, daga kashi na 13 zuwa ƙarshe, a Itaka ake yin sa, Odisiyus ya ɓad da kama ya shiga gidansa a matsayin tsohon almajiri ana zaginsa ana jifansa da kujera yana haɗiyewa yana jiran lokaci.

Me ya sa Nolan, me ya sa yanzu

Amsar a taƙaice ita ce Oppenheimer, fim ɗin da Nolan ya yi kafin wannan. Fim ne na awa uku, yawancinsa maza ne a zaune cikin ɗaki suna magana a kan kimiyya da siyasa, amma ya kawo sama da dala miliyan 900 a duniya a 2023, ya kuma ci kyautar Oscar bakwai a 2024 har da ta gwarzon fim da ta gwarzon darakta. Bayan wannan, duk abin da Nolan ya ce zai yi kamfani zai buɗe masa asusu. Rahotanni sun ce kuɗin The Odyssey ya kai kusan dala miliyan 250.

An zuba manyan 'yan wasa. Matt Damon ne Odisiyus, Tom Holland ne ɗan, Anne Hathaway ce matar, Robert Pattinson ya fito a Antinus babban mugu cikin zawarawan, akwai kuma Zendaya da Charlize Theron da Lupita Nyong'o. Mai ɗaukar hoto Hoyte van Hoytema ne, mai kiɗa Ludwig Göransson, su ne dai suka yi masa Oppenheimer. An yi ɗauka daga Fabrairu zuwa Agustan 2025 a Maroko da Girka da tsibiran Sisili na Italiya da Aisland da Skotland.

Masu kyakkyawan zato suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: salon Nolan na wasa da lokaci, ya fara daga tsakiya ya koma baya ya dawo, wanda ya yi a Memento da Dunkirk, shi ne tsarin da Odisi take da shi tun fil azal. Masu shakka kuma suna cewa an san shi da sanyin hali a wajen nuna soyayya da kewa, kuma an daɗe ana sukarsa cewa matan da ke fina-finansa ba su cika samun zurfi ba, to ga shi ya ɗauko labarin da rabin nauyinsa ke kan mace mai jira da dabara. Idan Penelofi ta zama hoto kawai da ake hasko wa lokaci-lokaci tana kallon teku, to an rasa wani babban ginshiƙi.

Wai mene ne IMAX ɗin da ake ta zuzutawa

Nan ma akwai ruɗani, don abu biyu ake kira da wannan suna. Akwai sinimomin IMAX na dijital da suke da yawa a duniya. Akwai kuma na ainihin faifan fim mai faɗin milimita 70, wanda ake ɗauka da kyamarar da ke cin faifai na gaske, kowane hoto ɗaya ya ninka na fim ɗin da aka saba girma sau da yawa. Shi wannan na biyun ne tikitinsa ya ƙare, kuma lokacin Oppenheimer sinimomi kusan 30 ne kawai a duk duniya suka iya haska shi a haka.

The Odyssey shi ne babban fim na farko da aka ɗauka gaba ɗayansa da irin wannan kyamara. Abin da ya hana a yi a baya shi ne kyamarar tana da nauyi, tana da ƙara kamar injin niƙa ta yadda ba a iya naɗar maganar 'yan wasa a kusa da ita, sannan faifan da ake loda mata minti uku kawai yake yi ya ƙare sai an tsaya an sake lodi. Don wannan fim ɗin sai da kamfanin IMAX ya ƙera sababbin kyamarori da wani akwati da ake rufe su a ciki ya danne ƙarar. Nolan ya ce sun ƙona faifai sama da ƙafa miliyan biyu.

Amma wannan fasaha tana zuwa da iyakarta, kuma iyakar ta shafi labarin kai tsaye. Faifan Oppenheimer tsawonsa ya kai mil 11, nauyinsa kusan kilo 270, kuma farantin da ake ɗora shi a ɗakin haskawa bai iya ɗaukar abin da ya wuce awa uku sosai. Ke nan waƙar da idan za a karanta ta a bayyane sai an shafe sama da awa goma dole a matse ta cikin awa uku ko ƙasa da haka. Saboda haka tambayar ko za a yanke wani abu ma ba ta taso ba, za a yanke da yawa, abin jira shi ne wanne za a bari.

Gardamar hula da jirgi

Da aka saki hoton farko a Fabrairun 2025, Matt Damon sanye da hular yaƙi mai jan gashi a sama, masana tarihi da masu sha'awar kayan da suka yi ca. Hujjarsu ita ce idan yaƙin Troy ya faru, to ya faru ne wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin da ake ce ma na tagulla, kuma mun san irin kayan da mayaƙan lokacin ke sawa, misali sulken da aka tono a Dendra da ke Girka a 1960, kuma ita kanta Iliyad ta siffanta wata hula da aka ba Odisiyus wadda aka jera mata haƙoran aladen daji. Wadda aka sa wa Damon ta fi kama da ta ƙarnuka da yawa bayan haka. Sai kuma aka ga jirgin da aka yi amfani da shi a Skotland, wanda asalinsa kwaikwayon jirgin mutanen Viking ne na arewacin Turai, abin ya ƙara rura wutar.

Ɗaya ɓangaren suna cewa wane tarihi ake so a bi? Homer ya rayu ne kusan shekara 400 bayan zamanin da yake waƙewa, kuma duniyar da ke cikin waƙarsa gauraye ce, makaman tagulla ne amma ana ambaton baƙin ƙarfe, ana ƙona gawar jarumai alhali mutanen wancan zamanin binnewa suka fi yi. Su kansu Girkawan da suka zo daga baya, idan za su zana Odisiyus a jikin tulu, kayan zamaninsu suke sa masa. Garin Troy dai akwai shi, an tono shi a Hisarlik da ke Turkiyya tun shekarun 1870, fadar Pilos ma da Telemakus ya ziyarta an tono ta, amma babu wata shaida da ta tabbatar da wani sarki Odisiyus, ballantana ƙato mai ido ɗaya. A nan hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi idan maganar bin tarihi ake yi. Inda na farko suke da gaskiya shi ne an bar damar nuna wa duniya wani kamanni da ba a saba gani ba, an koma ga baƙaƙen kaya da launin toka da Hollywood ta saba sa wa duk wani fim na zamanin da, alhali zanen bangon fadojin lokacin cike yake da ja da shuɗi.

Akwai kuma ƙorafin cewa babu ɗan Girka ko ɗaya a manyan jaruman. Wannan tsohon ƙorafi ne, an yi shi a kan fina-finai da yawa, amsar kamfanoni kuma ba ta canzawa: wanda ya zuba dala miliyan 250 fuskar da duniya ta sani yake nema.

Alloli, da ƙarshen da ba shi da daɗi

Wannan ce tambayar da ta fi hula muhimmanci nesa ba kusa ba, ko da yake ba a cika yin surutu a kanta ba. A waƙar, abubuwan bautar Girkawan da su ne ke juya komai. Posaidon na teku ne ke bin Odisiyus da fushi, dalili kuwa shi ne ƙaton nan da ya tsiyaye wa ido ɗansa ne. Shi ma Odisiyus da hannunsa ya jawo, don ya riga ya tsira ta hanyar ce wa ƙaton sunansa Ba Kowa, ta yadda da ƙaton ya yi ihu 'yan uwansa suka tambaye shi wa ke cutar ka ya ce ba kowa sai suka koma barcinsu, amma da ya ga ya shiga jirgi sai girman kai ya ɗebe shi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da garinsu, nan take ƙaton ya yi masa baki. Allahiya Atina kuma ita ce ke rufa wa Odisiyus baya, ita ke canza masa kama, ita ke tura ɗan tafiya.

Masu fim sun daɗe suna jin kunyar wannan ɓangaren. Troy na 2004 da Brad Pitt ya fito a ciki cire allolin ya yi gaba ɗaya, haka ma The Return na 2024 da Ralph Fiennes, wanda ya ɗauki rabin ƙarshe kawai ya mayar da shi labarin tsohon soja da yaƙi ya lalata wa zuciya. Shirin talabijin na 1997 kuma ya nuna su ɓaro-ɓaro. Nolan mutum ne da ya yi suna wajen neman bayanin hankali ga komai, hatta Batman sai da ya mayar da shi abin da zai iya yiwuwa, kuma ba ya son dogaro da zanen kwamfuta. Rahotanni sun ce Zendaya ce Atina, wanda ke nuna ba a cire su ba, amma nuna allahiya tana magana da mutum ido da ido daban ne da barin mai kallo cikin shakka ko mafarki jarumin yake yi. Idan aka raunana hannun alloli, duk laifin mutuwar mutanensa zai dawo kan Odisiyus, sai labarin ya zama wani abu dabam.

Sai ƙarshen. Bayan gasar baka da ya harba kibiya ta ratsa gatura 12, Odisiyus ya sa an rufe ƙofofi ya kashe zawarawan nan kaf. Daga nan aka kawo bayi mata 12 da aka zarga da kwana da su, aka sa su suka kwashe gawarwaki suka wanke jinin, sannan Telemakus ya rataye su a igiya ɗaya. Masu sauraro na wancan zamani wataƙila sun ɗauke shi a matsayin tsarkake gida, mai karatu na yau kuma yana ganin mata ne bayi da ba su da ikon cewa a'a. Yawancin fina-finan baya sun tsallake wurin ko sun sassauta shi. Ko kamfani zai yarda a ga Tom Holland, wanda yara suka sani da Spider-Man, yana ɗaura wannan igiya, wannan zai nuna irin jarumin da ake son a sayar, gwarzo mai kewar iyali ko kuwa mutum mai wayo da rashin imani wanda waƙar ta nuna da fuska biyu.

Rigimar Dakhla

Wata gardamar ba ta da alaƙa da Homer sam. A Yulin 2025 an ɗauki wani ɓangare a Dakhla da ke Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke riƙe da mafi yawansa tun 1975, ƙungiyar Polisario ke neman 'yancinsa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin jerin yankunan da ba su samu mulkin kai ba. Masu shirya bikin fina-finai na FiSahara, wanda ake yi a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi a Aljeriya, sun soki matakin suna cewa yana wanke mamaya. A wajen Maroko kuwa yankin lardinta ne na kudu, zuwan babban fim kuma talla ce ga wurin.

Abin da zai shafi mai kallo

Ga yawancin mutane, fim ɗin da ake ta yabo ba shi za su gani ba. Hoton IMAX na gaske dogo ne sama da ƙasa, kusan murabba'i, sinimar da aka saba kuma takan yanke sama da ƙasan don ya dace da allonta. A Najeriya akwai IMAX na dijital a Legas, amma mai kallo a Kano ko Zinder ko Kumasi galibi a waya ko talabijin zai gan shi bayan watanni, wataƙila ma da fassarar Hausa a kai. A nan girman hoto ba zai yi aiki ba, labari ne kawai zai riƙe mutum, kuma abin lura shi ne ginshiƙan labarin ba baƙi ba ne a wajenmu: miji ya yi doguwar tafiya shiru ba labari, dangi da masu kwaɗayin dukiya sun matsa wa mata, ɗa ya tashi ba uba, sannan haƙƙin baƙo, wanda a waƙar da shi ake auna mutumin kirki da mugu, mai karɓar baƙo ya ciyar da shi kafin ya tambayi sunansa, ƙaton kuma ya cinye nasa baƙin.

Iyaye kuma ya kamata su duba matakin shekarun da hukumar tace fina-finai za ta sa masa kafin su ɗauka fim ɗin yara ne don sun ji an ce tatsuniya. Akwai zubar da jini sosai a asalin labarin, kuma Odisiyus ya yi shekara bakwai a hannun wata allahiya mai suna Kalipso da shekara guda a wajen Sirsi.

Ta fuskar kasuwa, sinimomi kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla da ba ya cikin miliyan 250 ɗin, don haka sai fim ɗin ya tara ninkin abin da aka kashe da ɗoriya kafin a fara maganar riba. Idan ya yi nasara, a sa ran ganin wasu kamfanonin sun ruga kan tsofaffin labaran Girka da Rum kamar yadda aka yi bayan Gladiator a 2000, wanda Troy da Alexander da 300 suka biyo bayansa cikin 'yan shekaru, sannan dabarar sayar da tikiti mai tsada tun da wuri za ta samu gindin zama. Idan kuma bai kai yadda ake zato ba, darektocin da ke neman a ba su maƙudan kuɗi su yi fim ɗin da ba na jerin jarumai irin su Batman da Spider-Man ba su ne za su fara jin jiki a ofisoshin kamfanoni.